"Under the weather": inda ake faɗin ta da inda ba a faɗin ta a Birtaniya

Wanda ya sauka a Birtaniya tsakanin Oktoba da Maris ba zai yi mako guda ba sai ya ji wannan magana, a wurin aiki ko a bakin ƙofar makarantar yara: "I'm a bit under the weather." Mai faɗin ta ba zancen ruwan sama yake yi ba, duk da mutanen ƙasar ba sa gajiya da hirar yanayi. Cewa yake yi ba ya jin daɗin jikinsa, amma abin bai kai ga kwanciya ba. Mura ce ta sa shi gaba, ko ciwon kai, ko kasala, ko cikinsa ya ɗan ɓaci. Ana yawan danganta asalin maganar da matuƙan jiragen ruwa na dā, waɗanda idan teku ta hargitse jiri ya kama su, sai a tura su ƙasan jirgi su fake. Yau babu mai tuna jirgi idan ya furta ta.

Kalmomin uku a dunƙule suke, ba a cire ɗaya ba a ƙara. Ana cewa "I'm under the weather", ko "I'm feeling under the weather", ko "She's a bit under the weather today", ko kuma a dube ka a ce "You look under the weather." Kurakuran da sababbin zuwa suka fi yi biyu ne. Wasu sukan yar da "the" su ce "under weather". Wasu kuma sukan ce "I have under the weather", saboda sun saba da "ina da mura", alhali ita ba sunan cuta ba ce, hali ne da mutum yake ciki. Kusan kullum za ka ji an sa mata "a bit" ko "a little" a gaba, domin aikinta ke nan, rage wa magana nauyi. Idan ciwo ya yi tsanani ba a ƙara mata ƙarfi, barin ta ake yi a faɗi abin da yake akwai. Wanda ya karye a ƙafa, ko aka yi masa tiyata, ko mace mai naƙuda, ko mai sikila da ciwonsa ya tashi, babu ɗayansu da za a ce yana "under the weather".

Akwai wata ma'ana a ɓoye da ya kamata a sani. Idan ranar Litinin da safe abokin aiki ya ce yana "a bit under the weather", sauran suka yi murmushi suna kallon juna, to giyar ƙarshen mako ce ba ta sake shi ba. "Feeling rough" ma takan ɗauki wannan ma'anar. Babu wanda zai zarge ka da shan giya don ka yi amfani da maganar, ma'anarta ta asali ita ce ta fi yawa. Amma idan aka tsokane ka da "Heavy night?", ka gane inda aka dosa, ka ce "No, just a cold." Da azumi kuma, idan wani ya ga fuskarka ta faɗa ya ce ka yi kama da mai "under the weather", amsar gajeriya ce: "I'm fine, thanks, I'm fasting."

'Yan uwanta suna da yawa. "Poorly" ta fi yawa a arewacin Ingila, wajen Manchester, Leeds da Bradford, kuma ita ake yawan faɗa wa yara, sai dai idan ma'aikaciyar jinya ta ce majinyaci yana "very poorly", ka ɗauki maganar da nauyi, jikin ya yi tsanani ke nan. "Run down" gajiya ce da ta taru. "Coming down with something" na nufin ciwo yana shirin kama mutum. "On the mend" shi ne an fara samun sauƙi.

Yadda ake amsawa

A gida idan mutum ya ce ba ya jin daɗi, ladabi ne a yi masa sannu, a tambayi me ke damunsa, ko ya sha magani, ko ya je asibiti, har a kawo shawarar abin da zai jiƙa ya sha. A nan, wanda ya zaɓi ya ce "under the weather" ya riga ya nuna maka ba ya son a zurfafa. Da yana so da ya faɗi sunan ciwon. Amsar da ta dace ita ce "Sorry to hear that, hope you feel better soon", sai a wuce. Kada ka tsaya a kan "sorry" ita kaɗai kana maimaitawa a madadin sannu, domin za a ce maka "It's not your fault", a ɗauka gafara kake nema. Idan maƙwabci ne ko wanda kuka shaƙu, kana iya ƙarawa da "Let me know if you need anything."

Dubiya ma ba a yin ta kai tsaye. Saƙon waya ake turawa tukuna. Mai mura ba ya son baƙi, kuma ba ya son ya shafa wa kowa. Tsakaninmu Hausawa da muke zaune a Birtaniya dubiya tana nan daram, amma ko a nan ɗin a fara kira, domin mai jiki yana iya kasancewa ya kwana a wurin aiki.

A wurin aiki

Nan ne maganar take da rabin amfani. Idan ka je aiki kana jan jiki, ka ce wa abokan aiki kana "under the weather", daidai ne. Amma idan ba za ka je ba, ita kaɗai ba ta isa ba, domin manaja zai ji kamar kana iya lallaɓawa ka zo. Abin da ake so shi ne ka faɗi cewa ba za ka zo ba, da dalili a taƙaice, da ranar da kake sa ran dawowa: "I'm not well enough to work today. I've got a high temperature and a bad cough. I'll update you tomorrow morning."

Ka duba takardar kwantiraginka tun kana lafiya, ka san wa ake kira da kuma ƙarfe nawa. Wurare da yawa, musamman gidajen kula da tsofaffi, asibitoci da rumbunan kaya, suna son kiran waya kafin lokacin fara aiki, ba saƙon WhatsApp ba, kuma kai da bakinka, ba aboki ya isar maka ba. Wanda ya yi shiru bai zo ba, ana rubuta shi a matsayin wanda ya ƙi zuwa ba izini. Ga mai bizar aiki wannan babbar magana ce: idan rashin zuwa ba izini ya wuce ranakun aiki 10 a jere, wajibi ne kamfanin da ya ɗauki nauyinsa ya sanar da ma'aikatar cikin gida.

Ciwon kwana bakwai ko ƙasa da haka ba ya bukatar takardar likita. Kai da kanka za ka cike fom idan ka dawo, abin da suke kira "self-certification". A lissafin kwana bakwan nan har da Asabar da Lahadi da ranakun da ba ka aiki. Idan ya wuce bakwai, sai ka kawo "fit note". Likita ne yake ba da ita, kuma tun Yulin 2022 ma'aikatan jinya, masu harhaɗa magunguna da masu gashin ƙashi da suke duba ka su ma suna iya bayarwa. Kyauta ce idan ciwon ya wuce kwana bakwai. Idan kuwa ka nemi takarda don ciwon kwana biyu, asibitin unguwa yana iya ƙi ko ya caje ka. Akwai kuɗin jinya na doka, "Statutory Sick Pay", wanda mai aikin yake biya har makonni 28. A shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026 fam 118.75 ne a mako. Ba ya cikin tallafin gwamnati da aka haramta wa masu biza, saboda haka karɓarsa ba ya taɓa takardunka.

Amai da gudawa suna da tasu ƙa'idar. Ba a komawa aiki ko makaranta sai an yi awa 48 cur da tsayawarsu. Mai aikin abinci ko mai kula da tsofaffi da ya ɓoye gudawa a ƙarƙashin "a bit under the weather" don kada ya rasa kuɗin yini, ya je ya shafa wa mutanen da jikinsu ba ya da ƙarfi, laifinsa ya fi na wanda bai zo ba nesa ba kusa ba.

Makarantar yara ita ma kira ake yi da safen ranar farko, kuma za su tambayi ainihin abin da ke damun yaron. 'Yar mura da tari ba sa hana zuwa. Zazzaɓi yana hanawa. Ɗalibin jami'a kuma ya sani cewa idan ciwo zai sa ya rasa jarrabawa ko ya makara da aikin da aka ba shi, akwai fom na musamman da ake cikewa cikin wa'adi, sau da yawa tare da shaida. Imel ɗin da aka rubuta wa malami bayan mako biyu cewa an kasance "under the weather" ba ya buɗe wannan ƙofa.

Idan da gaske ƙaramin ciwo ne

Mura takan tafi da kanta cikin mako ɗaya zuwa biyu, kuma likita ba zai ba ka maganin kashe ƙwayoyin cuta a kanta ba, ko ka roƙa. Ba a sayar da su amoxicillin a kemis sai da takardar likita. Kemis ɗin ne ma wurin zuwa na farko, ba sai da alƙawari ba. A Ingila, tun 31 ga Janairun 2024, shirin Pharmacy First ya ba mai harhaɗa magani damar duba cututtuka bakwai ya ba da magani da kansa, cikinsu har da ciwon maƙogwaro, ciwon kunne na yara, cizon ƙwaro da ya rure, da ciwon fitsari na mata 'yan shekara 16 zuwa 64.

A kula da farasitamol. Babba yana shan ƙwaya ɗaya ko biyu masu miligiram 500, a bar aƙalla awa huɗu tsakani, kuma kada a wuce ƙwaya takwas cikin awa 24. Inda mutane suke afkawa matsala shi ne haɗa shi da magungunan mura irin su Lemsip da Night Nurse, waɗanda su ma farasitamol ne a cikinsu. Ƙunshi ɗaya na Lemsip Max daidai yake da ƙwaya biyu. Wanda ya sha duka biyun yana ninka adadi bai sani ba, hanta ce kuma take biya. Shi ya sa kantuna ba sa sayar da fiye da fakiti biyu a lokaci guda. Mai gyambon ciki ya tambaya kafin ya sha ibuprofen, kuma ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 16 asfirin.

Idan kasala ce ta ƙi tafiya a lokacin hunturu, a tuna da bitamin D. Hukumar lafiya ta NHS tana ba kowa shawarar shan mikrogiram 10 kullum daga kaka zuwa ƙarshen hunturu, masu baƙar fata kuma da masu rufe jiki sosai duk shekara, domin ranar ƙasar ba ta isa fatarmu. Tarin da ya wuce mako uku kuwa ya fita daga sahun ƙananan ciwo, a je a duba shi.

A gaban likita

Bahaushe ko yana kwance ba ya iya tashi, idan aka ce masa yaya jiki, "da sauƙi" zai ce, ya ƙara da "Alhamdulillahi". Tarbiyya ce, kuma a gida kowa ya san yadda ake jin ta. Baturen Ingila ma yana da irin wannan halin, "under the weather" da "not too bad" su ne nasa. Bambancin shi ne, shi yana ajiye nasa a bakin ƙofar asibiti. Mu kuwa mukan shiga da namu har gaban likita, mu ce "I'm better" ko "I'm fine, thank God", likita ya rubuta cewa majinyaci ya ce ya samu sauƙi, ya sallame shi.

Tsarin lafiyar ƙasar a kan tantancewa yake tafiya, kuma da kalmomin bakinka ake tantance ka. Idan ka kira asibitin unguwa, wato GP, da ƙarfe takwas na safe lokacin da ake buɗe layi, mai karɓar waya za ta tambayi dalili. Ba shisshigi take yi ba, aikinta ne ta raba wanda za a gani yau da wanda zai jira mako biyu da wanda za a tura kemis. Ka ce mata kana "under the weather", ta sa ka a sahu na ƙarshe. Haka lambar 111, wadda ake kira kyauta dare da rana idan abu na gaggawa ne amma bai kai na mutuwa da rayuwa ba: tambayoyi ne a jere, amsarka ce take yanke ko za a ce ka huta a gida ko a turo maka mota.

Ganin likitan unguwa kusan minti goma ne, saboda haka ka shirya maganarka tun daga gida. Me ke ciwo, a ina, tun yaushe, yana ƙaruwa ko yana raguwa, me ka sha, kuma wace cuta kake da ita tun asali, kamar hawan jini, ciwon suga, asma ko sikila. Za su ce ka auna zafin ciwon daga ɗaya zuwa goma. Kada ka ce huɗu don kunya alhali takwas ne. Ka sayi ma'aunin zafin jiki ka ajiye, ba shi da tsada, domin "my body is hot" ba ta gaya musu komai, amma "my temperature is 39" tana gaya musu. Daga 38 zuwa sama shi ne zazzaɓi a wurinsu. Ga misalin magana da take aiki: "I've had a temperature of 39 for three days, with a headache and vomiting. Paracetamol isn't helping. I have sickle cell." Idan Turancin bai zauna ba, ka ce "I need a Hausa interpreter." Tafinta kyauta ne a NHS, ya kuma fi a sa yaro ɗan shekara goma ya fassara wa mahaifiyarsa ciwon mata.

Wasu kalmomin da muka taho da su daga gida suna karkatar da likita. A Birtaniya "I feel sick" tashin zuciya ne, "I've been sick" kuma na nufin na yi amai. Idan rashin lafiya kawai kake nufi, ka ce "I'm ill" ko "I'm unwell". A Amurka da Kanada ne "sick" take nufin rashin lafiya gaba ɗaya. Tashin zuciyar kansa kada ka kawo "heart" a cikinsa, za a ɗauka ciwon zuciya ne, kalmarsu ita ce "nauseous". Matar da take fama da abin da muke kira sanyi, idan ta ce "I have cold", maganin mura za a nuna mata. Sai ta faɗi alamun da sunansu, ƙaiƙayi ne ko ruwa ko zafin fitsari, kuma tana da damar neman likita mace. Basir ma haka: mu mukan tara ciwon baya, kumburin ciki da rashin ƙarfi duk a ƙarƙashinsa, su kuwa "piles" abu ɗaya tak take nufi. Kada kuma ka ce "I'm taking drugs" kana nufin magani. "Medication" ake cewa, "drugs" a kunnensu kayan maye ne. Idan kana shan jiƙo ko wani garin magani da aka aiko maka daga gida, ka faɗa, ba kama ka za a yi ba, so ake a san abin da zai iya karo da maganin da za a ba ka.

Zazzaɓin cizon sauro yana bukatar magana ta daban. A gida kowane zazzaɓi maleriya ne har sai an ga akasin haka. A nan kuma ba za ta zo wa likita a rai ba sai ka ambaci tafiya, domin alamunta na farko iri ɗaya ne da na mura mai tsanani da take yawo a hunturu. A 2023 an samu mutum fiye da 2,000 da suka shigo Birtaniya da ita, adadi mafi yawa tun 2001, kuma akasarinsu waɗanda suka je ganin gida ne a Afirka ta Yamma. Kariyar da jiki ya saba da ita tun yarinta tana raguwa idan an daɗe a waje, yaran da aka haifa a Birtaniya kuwa ba su da ita sam. Duk wanda ya yi zazzaɓi cikin shekara guda da zuwa ko dawowa daga Najeriya, Nijar, Gana ko Kamaru, ya fara da wannan jimla kafin komai: "I came back from Nigeria three weeks ago and I need a malaria test today." A ranar ake gwajin jini, ba a jira gobe. Idan ka riga ka sha Coartem da ka taho da shi, ka faɗa, domin yana iya ɓoye cutar a gwaji.

Mai sikila da ciwo ya tashi ya je sashen gaggawa, wato A&E, ya ce "I'm having a sickle cell crisis." Ƙa'idar Ingila ita ce a ba shi maganin ciwo cikin minti 30 da isarsa, kuma yana da damar tunatar da su.

Jariri ɗan ƙasa da wata uku da zafinsa ya kai 38, ko ɗan wata uku zuwa shida da ya kai 39, a kira 111 ko GP nan take. Lambar 999 kuma ta waɗannan ce: ciwon ƙirji mai matsewa, numfashi yana gagara, fuska ta karkace ko hannu ya saki ko magana ta sarƙe, mutum ya rikice ko ba ya farkawa, farfaɗiyar da ta ƙi tsayawa, ko ƙuraje da ba sa dusashewa idan aka danna musu gefen kofin gilashi, alamar sanƙarau. A baƙar fata irin waɗannan ƙuraje suna da wuyar gani, sai a duba tafin hannu, tafin ƙafa, cikin fatar ido da ganɗa, wato saman baki ta ciki. Mai ɗaukar kiran zai fara tambayar ko majinyacin yana numfashi, ko yana farke, sannan adireshi. Ka haddace lambar gidanka da "postcode", wato lambar yankin da take ƙarshen adireshi, tun makon farko, ka kuma rubuta su a takarda ka liƙa a jikin firij saboda baƙo ko yaro da zai iya zama shi ne mai kiran.